Kujerar da Ta Ci Gasa Babu Mai Ita

Unguwar Be, Lome
Ranar Asabar

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Dada, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafarki, har yanzu tana kumbura in kin daɗe a tsaye a kasuwa? Yaya ƙanena Edem? Yaya Kawu Yaovi da mutanen gidansa, da sanyin Kpalime? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san halina, da na ji muryarki sai bakina ya ɗinke, in yi ta cewa eh, eh, har kuɗin su ƙare. Wayar ma a aljihun Papa take yini. Shi ya sa na rubuta, zan ba Fo Atsu direba ya kawo miki.

Labari ne da ni, amma don Allah kada ki yi tsaki sai kin kai ƙarshe. Papa ya rantse zai bar karta.

Na san ya sha faɗar haka. Wannan karon dabam ne. Shekaranjiya ya dawo gida tun rana ba ta faɗi ba, ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya gyara fankar maƙwabta, abin da na manta rabon da in ga ya yi. Yana cikin aikin ya tambaye ni ko har yanzu Kawu Yaovi yana neman mai gyaran firij a shagonsa. Na ce haka kika faɗa. Sannan ya ce ya gaji da kallon fuskokin mutanen nan na gidan cacar Da Hortense, fuska ɗaya shekara da shekaru.

Gobe Lahadi akwai gasar foka, wasan kartar nan na kuɗi, a benen nata. Ba irin wasan kullum ba ne da mutum ke zama da kuɗinsa ya tashi lokacin da ya ga dama. A gasa kowa kuɗin shiga ɗaya yake biya, a ba kowa kwabban roba daidai da na ɗan'uwansa. Wanda nasa suka ƙare an cire shi ke nan, babu dawowa. Mutum huɗun da suka rage a ƙarshe, kowannensu za a ba shi kujera a babbar gasar ƙarshen shekara. Papa ya ɗora hannunsa a kaina ya ce, "Ayele, in aka cire ni gobe, ni da karta mun rabu. Litinin mu hau motar Atsu, in je in durƙusa wa uwarki."

Dada, ya shiga irin wannan gasa ya fi a ƙirga, bai taɓa kaiwa cikin huɗun nan ba. Na tambaye shi a hankali, to in ba a cire shi ba fa? Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, shi da kujerar nan sun daɗe ba sa ga maciji.

Ranar da kika tafi kin ce ba za ki sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da karta ba. Ban taɓa ganin laifinki ba. Ni ma na so bin ki, maganin hawan jininsa ne ya tsayar da ni, don in ban miƙa masa a hannu ba, ba ya sha. Yanzu ga shi Allah zai haɗa mu duka. Na wanke kayanmu, na ɗaure nawa tun jiya. Ki tambayar mini Da Mawusi tela ko har yanzu tana da gurbin 'yar koyo. Ki gaya mata ba ni da surutu, kuma ina iya zare allura da sauri.

Abu ɗaya yake damuna. Gobe a coci addu'ar da zan yi ita ce Papa ya faɗi. Ban sani ba ko zunubi ne 'ya ta roƙa wa ubanta faɗuwa. In zunubi ne, ki taya ni neman gafara.

Ki shafa mini kan Edem. Sai mun zo.

Taki har kullum,
Ayele

*

Asibiti, Lome
Ranar Talata

Dada abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Edem da Kawu da kowa na gida. Ina fatan kuna lafiya. Fo Atsu ya ce jiya kin tsaya a tasha ke da Edem har motar ƙarshe ta shigo. Ki yafe mini.

Papa yana da rai, bari in fara da wannan. Yana kwance a asibiti. Likita ya ce jini ne ya hau masa kai. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, bakinsa ya karkace, maganarsa sai an kasa kunne sosai. Tasi Povi, yayarsa, ta zo daga Aneho, muna karɓa-karɓa da ita. Yanzu yana barci, zan gaya miki yadda ranar ta tafi tun daga safe.

Da muka fito daga coci bai biya gida ba. Ashe kuɗin shiga gasar ba su cika ba, sai ya wuce gidan Da Hortense ya zauna a teburin wasan kullum don ya cike su. Ni na koma na dafa shinkafa da wake, na soya kifi da yaji yadda yake so, na kai masa a kwando. Na tarar su shida a teburin, da Fo Gaspard, tsohon ma'aikacin kwastan nan mai tumbi, abokinsa. Ina shiga na ji yana cewa, "Messan, yau kuma firij ɗin wa ka sayar ka zo da kuɗin?" Papa bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Na gidanka. Matarka ta ce tunda ba ka sa komai a ciki, gara a rage cunkoso." Teburin duka aka kwashe da dariya, har Sitsope, yarinyar da ke raba musu karta, sai da ta rufe baki.

A wannan teburin kam na so Papa ya ci, don in bai shiga gasa ba, ba za a cire shi ba, rantsuwar kuma ta tashi a banza. Ya kuwa ci. Kafin tsakar rana kuɗin sun cika, yawancinsu daga aljihun Fo Gaspard. Shi kuma ya yi ta kirana in zo in tsaya bayansa ko sa'ar gidanmu ta shafe shi, wai zai saya mini takalmi. Na laɓe bayan ƙofa har suka manta da ni.

Papa ya ci abincin a tsaye. Na miƙa masa ƙwayar maganin, farar nan ƙarama da ke sa shi yawan fitsari. Ya ture hannuna. Ya ce a gasa duk tashin da mutum ya yi, ana raba karta babu shi, ba zai yini yana sintiri tsakanin tebur da bayan gida ba. Ya ce in an cire shi in ba shi biyu a haɗe. Ruwa ma ya ƙi sha saboda dalilin nan, sai baƙin kofi kofi bayan kofi. Na sake miƙa masa, sai ya kalle ni, maza kuma suna kallonmu, sai na mayar da hannuna. Ƙwayar ta narke a tafina. Jiya na duba kwalin, na ga ta Asabar ma da na ba shi ya mayar da ita bai sha ba.

Aka fara gasa bayan azahar, rana ta ɗan karkata. Tebur biyar cike da mutane, ba ka jin komai sai fanka da ƙarar kwabban roba da suke ta juyawa a yatsu. Na zauna a bencin nan na bakin igiyar da ta raba 'yan kallo da masu wasa, inda Da Hortense take barina in zauna tun ina ƙarama. Ban iya foka ba, Dada, amma na iya bayan Papa. In yana tsoro kafaɗarsa ta hagu takan ɗaga. Ita na zuba wa ido.

Ba a jima ba ta ɗaga. Ya tura kwabbansa gaba ɗaya tsakiyar tebur. Misye Fadi, ɗan Labanon mai shagon taya, ya amsa masa nan take, ya buɗe as biyu, waɗanda babu kartar da ta fi su. Papa tara biyu ne kawai a hannunsa. Wani ya ce, "Messan, gaida gida." Papa har ya miƙe ya fara sa rigarsa ta sama. Ni ma na miƙe na rataya kwandona. Zuciyata ta riga ta hau mota, Dada, har na ga duwatsun Kpalime. Sitsope ta jera karta huɗu, babu abin da ya sauya. Ta buɗe ta biyar, sai ga tara.

Ɗakin ya ɗauki ihu. Na koma na zauna.

Daga nan komai ya taɓa sai ya zo masa. Wanda ya yi masa barazana ya gane shi, wanda ya zo da gaske ya fi shi. Mutane suna ta tashi suna fita, wasu da zagi, wasu shiru, tebur biyar suka koma biyu. Kwabban Papa suka yi yawan da sai da ya jera su kamar katanga. Fo Gaspard daga ɗaya teburin yana ɗaga murya yana tambaya wane boka ne ya yi masa wanka, a ba shi kwatancen gidan. Ban taɓa ganin Papa cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Da aka ba da hutu ya taso ya nufo ni yana murmushi. Na ga murmushin gefe ɗaya ne, na ɗauka taƙama ce. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani sauti ya fito kamar na wanda ya cika baki da koko mai zafi. Kofin ya suɓuce daga hannunsa. Ya faɗo kan igiyar, da shi da ita suka zube a gabana.

Maza huɗu suka sauko da shi daga bene. Fo Gaspard ya tare tasi ya biya, suka kwantar da shi a baya, kansa a cinyata. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawa a sama, hutu ya ƙare. Sai na ga sun kalli juna. Ɗaya ya juya, ɗaya ya bi shi. Fo Gaspard ne na ƙarshe, ya riƙe ƙofar motar yana haki, ya ce in yi gaba yana nan tafe. Ya rufe ƙofar ya hau bene da gudu, shi da ba ya iya gudu.

Ni kaɗai na kawo shi nan.

Nas tana kira, lokacin juya shi ya yi. Sauran labarin ya fi wannan nauyi, zan rubuto in na sami ƙarfi. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Ayele

*

Asibiti, Lome
Ranar Jumma'a

Dada,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Edem. Saƙonki ya iso, zumar da ayabar da kuɗin magani, Allah ya saka miki. Papa ya fara haɗiyar kunu ba ya ƙwarewa. Hannun dai shiru.

Kin tambaya ko gaskiya ne abin da Tasi Povi ta gaya miki a waya, cewa na bar shi a gadon asibiti na koma gidan caca. Gaskiya ne. Ga yadda aka yi.

Bayan an sa masa ruwa ya buɗe ido, ya yi ta motsa baki. Na sunkuya, na ɗauka sunanki zai kira, ko ya ce a nemo fadan coci. Ban gane komai ba. Sai ya sa hannun hagu a kan zanen gado yana jera wani abu da babu shi, ɗaya kan ɗaya. Kwabbansa yake nufi. Ya tura ni da hannun, ya matso kalma biyu da ƙyar: je ki. Na girgiza kai. Sai ya kama allurar ruwan zai cizge, yana jan jikinsa zai sauko. Nas ta danne shi ta daka mini tsawa, ta ce ko mene ne yake so in je in yi, in ba haka ba jinin zai ƙarasa shi a gabana. Sai na fita na hau babur.

Na ɗauka zan tarar an kwashe kwabbansa an ajiye. Ashe ba haka dokar take ba. Wanda ya tashi a gasa, kujerarsa tana nan a cikin wasa har sai kwabbansa sun ƙare. Ba mai taɓa su, ba kuma mai zama ya yi masa wasa. Na tarar an koma tebur ɗaya, su takwas da kujerar Papa ta tara, rigarsa rataye a bayanta. Sitsope takan ajiye karta biyu a gaban kujerar kamar yana nan, sannan ta janye su a rufe ba wanda ya gani. Duk zagayen da layi ya zo kansa, sai ta miƙa hannu ta ɗebi zubin dole daga katangar tasa, wanda kowa ke biya in layinsa ya zo. Zubin kuma ƙaruwa yake yi da tafiyar lokaci.

Sun tambaye ni jikinsa, na ce yana numfashi. Suka ce madalla, suka koma kan kartarsu.

Da Hortense ta kawo mini lemo, ta ce kada in sa rai, da wuya kwabban su kai. Ban gaya mata cewa abin da na zo nema ke nan ba. Na zauna ina kallon katangar tana raguwa, duk ɗibar da Sitsope ta yi sai in ji numfashina ya ƙaru. Na ce a raina, in sun ƙare an cire shi ke nan, ko yana nan ko ba ya nan. Ya rantse a kaina. Ko a kujerar guragu ne zan turo shi Kpalime.

Amma su mutanen ba sa iya zama shiru. Kujera ba ta kwaɗayi, ba ta jin haushi, su kuwa wannan ya tsokani wancan, wancan ya ce ba za a raina shi ba, sai ka ga ɗaya ya tashi yana kaɗa kai. Haka suka yi ta cinye junansu. Misye Fadi, da ya farfaɗo bayan karon da Papa ya yi masa har ya fi kowa tari, ya ce tunda ya san Messan bai taɓa ganin ya yi wasa mai kyau irin na yau ba. Wani ya ce gasa ta gaba shi ma rigarsa zai aiko, ya zauna a gida. Suna dariya, amma ba mai kallon kujerar kai tsaye.

Rana ta kusa faɗuwa suka rage su biyar, har da kujerar. Huɗu ake nema. Katangar Papa ta koma 'yan kwabbai da ba su cika tafin hannu ba, zagaye ɗaya ya rage su ƙare. Kowa ya gane. Ba wanda ya sake shiga wasa, da an ba mutum karta sai ya tura ta baya, suna jiran kujerar ta mutu. Fo Gaspard yana cikinsu, nasa sun isa su kai shi, zama kawai zai yi. Shi ma bai taɓa samun kujerar ƙarshen shekara ba.

A nan ne hawaye suka zo mini. Ban san na mene ne ba, ko na Papa da na bari, ko na ganin an kusa. Na sa gefen zane ina sharewa, ashe Fo Gaspard yana kallona. Sitsope tana cikin cakuɗa karta ya taso ya zo bakin igiya. Idonsa ya yi ja, ina jin abin da ya yi a bakin tasi ne yake cin sa. Ya sunkuyo, amma kin san muryarsa, ɗakin duka sun ji.

"'Yata, daina kuka. Kina so babanki ya sami kujerar nan, ko?"

Dada, kowa ya juyo. Da Hortense, da Sitsope, da waɗanda aka cire suka tsaya kallo. Ta yaya zan ce a gabansu ina so ubana ya faɗi, shi yana can kwance da rabin jiki? A'a tana nan a maƙogwarona, na ji ta. Na ɗaga kai na ce eh.

Ya koma ya zauna. Aka ba shi karta biyu, bai ko duba su ba ya tura kwabbansa duka. Misye Fadi ya ce masa, "Gaspard, ka haukace ne? Zauna mana." Ya ce, "Ka amsa ko ka yi mini shiru, mai taya." Misye Fadi ya kalli kartarsa, ya kalli Da Hortense, ita kuma ta juya tana gyara labule. Ya amsa. Da aka buɗe, bakwai da biyu ne a hannun Fo Gaspard, ba su haɗu da komai ba har aka gama jerawa.

Aka cire Fo Gaspard, suka rage huɗu har da kujerar Papa. Aka yi ta tafi. Wani ya ɗaga kujerar Papa sama da rigar a jikinta. Da Hortense ta rubuta sunansa a kati ta damƙa mini, ta ce na mai suna ne kaɗai, ba a sayarwa, ba a ba wani. Fo Gaspard ya rako ni har ƙasa, ya share fuskarsa da hankici, ya ce in gaya wa Messan yanzu ya biya shi bashinsa. Na ce na gode. Har durƙusawa na yi.

A kan babur na yi tunanin in saki katin iska ta tafi da shi. Mutum nawa suka gani, da me zai amfana? Na kai masa. Ya riƙe shi da hannun hagu ya kai kusa da ido, gefen bakinsa mai motsi ya yi ta rawa. Tun daga ranar katin yana ƙarƙashin matashinsa.

Shi ke nan abin da ya faru. Kada ki ga laifin Tasi, abin da ta gani ta faɗa. In kina iya zuwa, ki zo ko na yini ɗaya ne. Ko zai ji maganarki.

'Yarki mai kewarki,
Ayele

*

Unguwar Be, Lome
Watan Nuwamba

Zuwa ga Dada,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kin koma gida lafiya tun wancan zuwan, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Ina gaida Edem da Kawu Yaovi da iyalinsa. Ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba.

Ranar da kika zo asibiti na ga yadda kika gyara masa matashi, kika goge masa baki. Na ga kuma fuskarki lokacin da ya zaro katin ya nuna miki, ya ce ba a cire shi ba, don haka bai karya rantsuwa ba. A tasha kin riƙe hannuna kin ce in shigo motar kawai, kaya a aiko daga baya, Tasi za ta tafi da shi Aneho. Na tsaya ina kallon ƙasa har motar ta tashi. Amsar da na kasa ba ki ce wannan.

An sallame mu. Yana takawa da sanda in na tallafe shi. Likita ya ce hannun zai iya ɗan motsawa nan gaba, amma ba dai riƙe sukundireba ba. Na ji Kawu ya ɗauki wani a shago, ban ga laifinsa ba. Papa da kansa ya ba maƙwabcinmu akwatin kayan aikin.

Tasi ta yi iyakar ƙoƙarinta. Da ta ɗaga maganar Aneho sai ya juya fuska bango ya daina cin abinci, magani ma ya datse haƙora. Muka yi ta fama har ƙashin wuyansa ya fito. Ran nan Fo Gaspard ya zo dubiya, ya ce masa ai akwai doka: wanda hannunsa ba ya aiki, an yarda wani ya zauna gefensa ya ɗaga masa gefen karta ya gani, ya tura masa kwabbai in ya ba da umarni. Sharaɗin kawai, mai taimakon ba ya magana, ba ya ba da shawara, kuma kada fuskarsa ta nuna abin da ya gani. Suka juyo su biyu suka kalle ni. A ranar Papa ya cinye kwano guda na tuwo. Tasi ta ɗaure kayanta ta koma.

Yanzu kusan kullum da rana muna can, a teburin wasan kullum, wai hannuna ya saba kafin babbar gasa. Ba a bencin bakin igiya nake zama ba, an sa mini kujera a damarsa. Da abin da muka samo muke sayen magani, ran da ba mu samo ba mu jira gobe. A can ne kaɗai yake shan ƙwayarsa ba gardama, a can ne maganarsa take fita har ya rama tsokana. Suna yabona sosai. Fo Gaspard ya ce fuskata kamar bangon coci, shekara goma kana kallo ba za ka karanta komai ba. Misye Fadi ya ce in Papa ya gaji da ni shi zai ɗauke ni haya. Shirun nan da malamai suke dukana a kansa a makaranta, a nan shi ne abin yabo.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Makon jiya na ɗaga wa Papa karta, wani baƙo daga Kwatano ya tura kuɗi masu yawa. Na ga yadda ya haɗiyi yawu, na san ba shi da komai. Ban san ta yaya na sani ba, na dai sani. Papa ya ce in zubar da kartar. Hannuna ya tsaya a kanta, ya ƙi. Sai da ya maimaita, Da Hortense ta kira sunana, sannan na tura ta. Baƙon ya buɗe tasa yana dariya, babu komai, yadda na gani. Na kwana ina jin haushin Papa, ba don yana caca ba, don bai iya ba. Washegari da muka ci wani babban zubi, na sa hannu biyu na jawo kwabban gabanmu, sai na ji daɗi, Dada. Daɗi sosai, har cikin ƙafafuna. Fuskata ba ta nuna ba.

Papa ya ce bayan gasar ƙarshen shekara zai bari. Na ce to. Bai ɗora hannu a kaina ba, ni ma ban nema ba.

Ki gaya wa Da Mawusi na gode da ta riƙe mini gurbin har yanzu. Ta ba wata.

Roƙo ɗaya gare ni, shi ne dalilin takardar nan. Kin ce za ki turo Edem hutun Kirsimeti ya ga babansa. Papa kullum sai ya yi zancensa. Ya ji an ce ya zo na ɗaya a lissafi, tun daga nan yake cewa yaro mai kai irin wannan, a mako guda zai koya masa abin da wasu suke shekara ba su gane ba. Ya sa na nemo tsohuwar karta a gida ya ajiye masa.

Kada ki turo shi. Ki ce ba shi da lafiya, ki ce babu kuɗin mota, ki ce duk abin da kika ga dama. In Papa ya kira, kada ki ba shi wayar. Zan ce masa ni ma ban san dalili ba, zai kuma yarda, don ba ya iya karanta ni. Ina kewar Edem har ina mafarkinsa, amma ki riƙe shi a can.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke. In kin shiga coci ki ambaci sunana.

Ni ce 'yarki,
Ayele